Labulen Tagar Baba

Shekarun baya can, zamanin yaƙin Turawa na biyu, ina saurayi gemu bai gama cika ba, ina aiki a kantin wani ɗan Siriya a unguwar Treichville ta birnin Abidjan. Sana'armu labulen taga ce, irin wanda ake naɗewa a jikin sanda, ka ja igiya ya hau, ka sake ta ya sauko. Faransawa na ce masa sitor. Mu ke zuwa gidajensu da ofisoshinsu a unguwarsu ta Filato mu auna taga, mu dawo mu yanka yadi daidai da ita, mu ɗinka, mu koma mu kafa. Ni kuwa a lokacin ji nake duk Abidjan babu wanda ya kai ni sanin yadi. In aka miƙo mini ƙyalle sai in murza shi da yatsa biyu, in ɗaga kai sama in yi shiru na ɗan lokaci, don dai a san a gaban gwani ake.

Gidanmu yana unguwar Adjamé. Mahaifina dillalin shanu ne, tun yana matashi ya biyo garke daga ƙasar Nijar ya zauna. Ciwo biyu ne suka haɗu a kansa. Na farko fuka, wadda ya daɗe da ita. Saboda ita ne da zai gina ɗakinsa ya sa aka buɗe masa wata ƙatuwar taga tana duban yamma, babu marfi, sai sandunan ƙarfe, don iskar da ke tasowa daga ruwa ta riƙa shigo masa. Na biyu yanar ido, wadda ta rufe masa duka idanun a hankali, har ya kai sai dai ya shafa bayan saniya ya faɗi darajarta. Yayana ne ya karɓi zuwa kara, wato kasuwar shanu, Baba ya koma zaman ɗaki.

Da ƙyar muka shawo kansa ya yarda a yi masa aiki a ido ɗaya. Likitan baƙar fata ne, ya yi karatu a Dakar, mutum mai magana a hankali. Bayan aikin ya kira ni da yayana waje ɗaya, yana haɗa Faransanci da Julanci, yaren kasuwar garin, don mu gane.

Ya ce, “Aikin ya yi kyau. Amma ba zan iya riƙe shi ba, sojoji ake kawowa, gado ake nema. Ranar Juma'a za ku tafi da shi gida. Zan cire babban bandejin in bar masa ɗan siriri. Ku saurare ni da kyau. In haske mai ƙarfi ya buge shi zai matse idon, in ya matse yankan zai buɗe, shi ke nan kuma babu gyara. Ɗakin ya zama da duhu, a riƙa ƙara masa haske kaɗan-kaɗan.”

Yayana ya ce, “To ai sai mu toshe tagar da katako.”

Likita ya girgiza kai. “Ku toshe ta, ƙirjinsa ya tashi? In tari ya sarƙe shi ma idon zai tafi, wataƙila har da shi kansa. Duhu nake so, da iska. Kuma kada wanda ya ɓata masa rai. Ko muryarsa ba na so ya ɗaga.”

Yayana ya juyo ya dube ni. Ni kuma, da yake gwani ne, na ce, “Wannan ai aikina ne. A bar mini.”

Sai da na fito bakin titi na tuna halin da gari yake ciki. Jiragen ruwa sun daina kawo kaya. Kantunan yadi a Treichville sun zama fanko, kana shiga sai katako da ƙura. Mutane masu mutunci suna yawo da riga faci a kan faci, wasu mata sun koma ɗinka buhu suna ɗaurawa. A kantinmu ma rabonmu da ɗinka sabon labule an daɗe, sai dai gyaran tsofaffi.

Sandar ba ta ba ni wahala ba. Ƙarfe mai sifirin ya ƙare, amma na san yadda ake yi da gora madaidaiciya da igiya. Yadin ne matsala. Yadin irin wannan labule ba kowanne ba ne. Sai ya tare rana, ya bar iska ta wuce, ya naɗu sumul ba ya tattarewa gefe guda, kuma kada ya yi funfuna, don damshin Abidjan ba ya barin komai. Da a ce gidan Bature ne, in biyu sun samu cikin huɗun sai in kafa in yi tafiyata. Nan kuwa ko ɗaya aka rasa, ubana ne zai kwana a ciki.

Na fara da maigidana ɗan Siriya. Ya juye duk ƙasan kantarsa, ya fito mini da guntun wani baƙin yadi mai roba a bayansa. Duhu kam ya yi duhu, amma na kara shi a baki na hura, ko ɗigon iska bai fita ba, ga warin kwalta. Na karɓi ƙyallen dai don kada ya ji ba daɗi. Na bi kasuwa na samo ƙyallen buhun algarara, da na saƙin Julawa, da ɗan yankin tsohuwar atamfa.

Wani abokina, wanda yake dako a tashar jiragen ruwa ta Port-Bouët, shi ya ce yana da magana. Ya ja ni bayan wani shago, ya duba hagu da dama, ya zaro wani tsiri na kaki daga cikin wandonsa. Sabo fil, mai kauri, yana ƙamshin kanti.

Ya ce, “Daga Kumasi aka ratso da shi ta daji. In ya yi maka, akwai sauran.”

Na juya bakin yadin sai ga rubutun Ingilishi a jere. A wannan lokacin hukumar Faransa ba ta ga maciji da Ingilishi, iyakar Gwalkwas, Ghana ta yau, a rufe take. Wanda aka kama da kayan can ba ɓarawon kwastan kawai ake ɗaukarsa ba, cewa ake ɗan leƙen asiri ne. Mun san waɗanda aka tafi da su ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Na ce, “Ba za a yanke rubutun ba?”

Ya ce, “Da me? Ka zo da almakashi? Karɓi ka ɓace, ana kallonmu.”

Tela guda, ranar ko reza babu a aljihuna. Na cusa tsirin cikin hulata na kifa a kai, sauran ƙyallayen na ƙulle a hankici.

Daga Treichville zuwa Adjamé sai ka hau gadar nan mai iyo a kan ruwa, ka ratsa Filato. Ina isa bakin gada na tarar an tsayar da mutane, gardawan hukuma, wato dogaran Faransawa, suna kwance kaya, wani jandarma Bature yana zaune a inuwa yana kallo. Na so in juya, amma juyawa a nan ita ce amsa laifi. Na shiga layi. Zufa ta riƙa gangarowa daga ƙarƙashin hular tana shiga mini ido, ban isa in taɓa ta ba.

Da aka zo kaina gardin ya karɓi ƙullin ya kwance. Ya ɗaga ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya da bakin sandarsa.

“Mene ne wannan?”

“Tela ne ni. Labule zan yi wa babana, an yi masa aikin ido.”

“Da tsumma?”

“Gwaji ne, ranka ya daɗe.”

Ya tsaya yana kallon fuskata. Ya ce, “Me ya sa kake zufa haka?”

Na ce zazzaɓi nake. Idonsa ya hau kan hulata ya tsaya. Na ji tsirin nan kamar garwashi aka ɗora mini a tsakar ka. Ya ɗaga sandar, ta taɓa gefen hular, ta ɗan karkace. Daidai nan wata mata a bayana ta yi ihu, ƙwaryar manjanta ta suɓuce ta fashe, manja ya malale har kan takalmin jandarman. Wuri ya kacame. Gardin ya watso mini tsummokarana a ƙirji ya ce in ba shi wuri. Ban san yadda na ƙetare gadar ba. Na dai san sai da na wuce tashar jirgin ƙasa na iya waiwayawa.

Ina isa gida da la'asar na shiga ɗakin Baba, rana ta cika shi har kan gado. Na fara gwaji a jikin tagar. Buhu ya bar iska, amma haske yana ratsa shi kamar rariya, ga ƙura tana tashi. Saƙi tsiri-tsiri ne, duk inda aka haɗa ɗinki sai ya yi tudu, ba zai naɗu daidai ba. Atamfa ta yi shara-shara. Tabarma da asabari na riga na sani, ɗaya ta toshe iska, ɗaya ta zubo haske layi-layi. Sai na ciro kakin da ya kusa kai ni kurkuku. Na ɗora ɗan gashin kaza a tafin hannu, na kara kakin a baki na hura har kunnuwana suka yi ƙara. Gashin ko motsi bai yi ba. Saƙarsa ta matse da yawa. Na kai shi murhu na tura a wuta, na dawo na zauna a ƙasa na dafe kai.

Mahaifiyata tana tsaye a bakin ƙofa tun ɗazu ban lura ba.

Ta ce, “Babu wanda ya yi?”

Na ce, “Babu, Inna.”

“Wane iri kake nema?”

Na yi mata bayani. Auduga zalla, saƙa mai laushi ba mai matsewa ba, faffaɗa yadda ba sai an yi haɗi ba. In da zan samu irin alawayyon da ake kawowa kafin yaƙi, sai a rina shi ya yi baƙi, in yi labule biyu, ɗaya a bayan ɗaya da ɗan tazara, su haɗu su kashe rana, iska kuma ta bi ta tsakaninsu. Na ce amma wannan mafarki ne, rabon da in ga alawayyo har na manta.

Ta durƙusa ta jawo akwatin ƙarfen Baba daga ƙarƙashin gado, ta ciro mabuɗi daga bakin zaninta. Daga can ƙasa ta ɗauko wani ƙunshi ta warware. Fari tas, a ninke, yana ƙamshin turare. Tun kafin in taɓa na san mene ne. Likkafaninsa ne. Ya saye shi tun idonsa na gani, ya ce ba ya so ranar tafiyarsa a tsaya nema masa sutura.

Na ce, “Inna!”

Ta ce, “Gwada.”

Na kama gefensa. Na kara a baki na hura, gashin kazar ya tashi sama. Na naɗa shi a tsintsiyar hannu, ya kwanta lumui. Babu abin da na taɓa riƙewa da ya dace da wannan taga kamarsa, kuma ban taɓa jin tsoron yadi ba sai ranar.

Muna cikin haka yayana ya shigo daga kara. Ya ga akwatin a buɗe, ya ga abin da ke hannuna. Ya tsaya cak.

“Me kuke yi da wannan?”

Na faɗa masa. Muryarsa ta sauka ƙasa-ƙasa, abin da yake yi in ransa ya ɓaci sosai.

Ya ce, “Ka san in aka rina shi ya tashi daga likkafani? Tsoho ne, ƙirjinsa a hannun Allah yake. In ta Allah ta kasance gobe, da me za mu rufe shi? Da tabarma, kamar yadda aka yi wa maƙwabcinmu? Kana wurin, ka ga yadda 'ya'yansa suka kasa ɗaga kai. Mutumin da ya tanadi suturarsa da guminsa, mu 'ya'yansa mu rataye ta a taga?”

Gaskiya ya faɗa. Likkafanin Inna kuwa ta riga ta bayar da shi tun bara, da wata yarinya ta rasu wajen haihuwa a unguwar.

Yayana ya ce, “Ko dai a je a tambaye shi.”

Inna ta ce, “Ka san ubanku. A gaya masa ya zabura a kan gadon asibiti? Ba kai ka ce mini likita ya hana a ɓata masa rai ba?”

“To a bar masa kayansa.”

“A bar masa kaya a rasa idon? Shekara nawa yana lalube a cikin ɗakin nan, ni nake kai masa hannu bakin akushi. Ni na wanke yadin nan, ni na ninke shi. In akwai laifi a kaina yake, nan da gaban Allah.”

Yayana ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce, “Ba zan yi jayayya da ke ba, Inna. Amma babu hannuna.” Ya juyo gare ni. “Kai kuma ka roƙi Allah kada ranar ta zo.” Ya fita.

Washegari da sassafe na kai yadin wurin wata tsohuwa Bajula mai rini a bayan kasuwar Adjamé. Ta warware shi, ta shinshina, ta dube ni ta ƙasan ido.

Ta yi dariya ta ce, “Wa ya fasa mutuwa a gidanku?”

Na gaya mata labarin. Ta daina dariya. Na ce ina so ya yi baƙi ƙirin, kuma kada warin baban rini ya kama shi. Ta ce baƙi ba a tsoma ɗaya yake zuwa ba, sai an tsoma an shanya, an tsoma an shanya, kuma ga hadari yana haɗuwa. Ina tsaye ta saka shi a ruwan rinin. Na ga farin yana nutsewa. Daga nan babu komawa.

Ruwan sama ya yi ta wasa da mu, a shanya a kwashe. Ran Alhamis da yamma na karɓo shi, mun ɗauraye shi har ruwan ya koma garau. Da na auna sai na ga ya tsuke, faɗinsa ya gaza tagar da kusan yatsa biyu kowane gefe. Na zauna ina kallonsa kamar in yi kuka. Daga baya na ɓalle katakon wani tsohon akwatin sabulu na buga a gefunan tagar, labulen ya riƙa bi ta bayansu. Na yi bismillah na sa almakashi. Safiyar Juma'a labule biyu suna rataye, ɗakin ya yi duhu mai sanyi, kana jin iska a fatarka amma ba ka ganin ta inda take shigowa.

Aka kawo Baba a kwance, aka shimfiɗe shi. Ya ja numfashi ya ce, “Ɗakin ya yi daɗi.” Bai tambayi komai ba, mu ma ba mu ce komai ba. Yayana yana shigowa ya gaishe shi ya fita, ko kallon tagar ba ya yi, ni kuwa sai gaisuwar da ta zama dole.

Ba a jima ba ranar da nake tsoro ta zo. La'asar ce, iska ta ɗauke ɗif, wani a maƙwabta ya cinna wa shara wuta. Ina tsakar gida na ji Inna ta ƙwala mini kira. Na tarar da Baba ya ɗago, ƙirjinsa yana fito kamar an matse gora, bakinsa a buɗe, yana kama iska ba ta kamuwa. Inna ta riƙe masa kai da hannu biyu tana cewa, “Malam, kada ka yi tari. Don Allah, Malam, riƙe.”

Yayana ya faɗo ɗakin. Ya ce, “Ɗaga labulen!”

Na ce, “Rana tana kan tagar, Yaya. A fuskarsa za ta sauka.”

“Ba ka ga yana tafiya ba? Ɗaga!”

Na ja igiyar kamar taƙi ɗaya. Wani farin haske ya shigo ya kwanta a gefen gado, saura kaɗan ya kai matashin kai. Iskar da ta shigo ba ta kai ta kawo ba. Leɓunan Baba sun fara sauya launi. In na ƙara ja, ido. In na bari, rai. Na tsaya da igiya a hannu na kasa gaba na kasa baya. Na dubi yayana, shi ma ya dube ni, sannan idonsa ya koma kan rinannen yadin nan.

Sai ya fita da gudu. Na ɗauka malami ya tafi kira. Can sai hasken da ke gefen gado ya ɓace. Na leƙa ta ƙasan labule, na gan shi a waje, ya hau kan turmin Inna, ya juya wa rana baya, ya ware hannuwansa da babbar rigarsa ya rufe tagar da inuwarsa.

Ya ce, “Yanzu ɗaga! Ɗaga duka!”

Na naɗe su biyun har sama. Iska ta shigo ta gefunansa da ƙarƙashin rigar. Na ɗauki faifai na shiga yi wa Baba fifita da duk ƙarfina, Inna tana tofa masa addu'a, hannunta bai bar kansa ba. Wata maƙwabciya ta ruga ta sa aka kashe wutar sharar. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Ina dai ganin hannuwan yayana suna sauka a hankali, ya sake ɗaga su, su sauka, ya sake ɗagawa. Rana tana yin ƙasa yana bin ta da jikinsa. Har ta faɗa bayan rufin maƙwabta bai sauko ba.

Fiton ƙirjin ya ragu, ya ragu, har Baba ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya ya koma ya kwanta. Ya ce a ba shi ruwa. Na fita na tarar da yayana zaune a gindin bango, rigarsa sharkaf, hannuwansa sun ƙi lanƙwasuwa. Na durƙusa na kama ina matsa masa. Ya bar ni ina yi.

Da likita ya zo ya duba, ya ce yankan bai motsa ba. Daga nan kullum na kan ɗaga labulen ciki kaɗan, gobe in ƙara. Ranar da aka cire siririn bandejin duk muna ɗakin. Baba ya buɗe idon a hankali, ya ce yana ganin abubuwa kamar a cikin ruwa, amma yana gani. Ya miƙa hannu ya kama bakin labulen, ya murza. Ya daɗe yana murzawa.

Ya ce, “A wannan zamani, ina aka samu yadi haka?”

Ya juya wajen Inna.

“Jawo mini akwatina.”

Inna ta ce, “Ba sai an jawo ba, Malam. Abin da kake nema shi ne a hannunka.”

Ni idonsa kawai nake kallo, ina roƙon Allah kada ya matse shi.

“Wa ya sa masa almakashi?”

Na ce, “Ni ne, Baba.”

“Wa ya ba ka?”

Inna ta ce, “Ni.”

Ya juya wajen yayana. “Kai babba kana ina aka yi wannan?”

Na ɗauka zai ce ya hana ba a ji ba, kuma da ya faɗi haka gaskiyarsa ce. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Ina nan, Baba. Da ni aka yi.”

Baba ya saki labulen. Ya ce, “Abu ɗaya na ajiye wa kaina a duniyar nan. Ɗaya tak.” Muryarsa tana rawa. Sannan ya ce, “Kai, tela. Ƙara ɗagawa, in ga fuskar wadda ta yi mini wannan ɓarna.”

Na ja igiyar kaɗan. Haske ya sauka a kan Inna. Ta so ta ja mayafi ta rufe fuska, ya ce ta bari. Ya daɗe yana kallonta.

Ya ce, “Ashe haka kika yi furfura, babu wanda ya gaya mini.”

Ta ce, “Jira nake ka gani da idonka.”

Ya kwantar da kai ya ce, “To. Yanzu sai in roƙi Allah ya jinkirta mini har yaƙin nan ya ƙare, tunda kun bar ni ba kayan tafiya.”

Allah kuwa ya karɓa. Ya ga ƙarshen yaƙin, aka yi masa tabarau mai kauri, ya koma zuwa kara yana zama a kan benci yana yi wa matasan dillalai gyara.

Mutane in sun ji labarin nan sukan ce Inna ta yi daidai. Ni har yau ba na iya cewa yayana bai yi daidai ba. Da numfashin Baba ya tsaya a wannan la'asar, da wani labari ne daban, kuma ban san da wane ido zan sake kallon ɗan'uwana ba, ko shi ya kalle ni. Abin da ya raba dabara da ganganci a ranar bai fi kaurin igiyar da ke hannuna ba, kuma ba gwanintata ce ta raba su ba. Na ci gaba da sana'ar har ƙarfina ya ƙare, na kafa labule a gidajen da ban san iyakarsu ba, amma ban ƙara karɓar aiki ba sai na fara tambayar wa zai kwana a ɗakin.

Dukansu sun riga ni tafiya, Allah ya jiƙansu. Ni kuma har yanzu, in la'asar ta yi, iska ta ɗauke, ko a ina nake sai in ji na yi shiru ina sauraron numfashin wanda ke zaune kusa da ni.